Kalmomi Uku na Japananci da Takwarorinsu a Ƙasar Tasawa da Mayahi

A ilimin ma'ana, kalma takan ɗauki tarihin masu ita. Wasu kalmomin Japananci sun yi suna a duniya saboda hikimar zaman duniya da ke cikinsu. Uku daga ciki suna da takwarori a bakin manoman Tasawa da Mayahi, cikin jihar Maraɗi.

Ta farko ita ce yui, wato aikin taimakon juna. Tushenta na nufin ɗaurewa. A ƙauyen Shirakawa, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1995, da yui ake sake rufin ciyawa na gidaje. Takwararta gayya ce, ta noman gero ko ɗora jinka, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai asalinsu ya bambanta: yui ta dubi igiyar da ta haɗa mutane, gayya kuwa ta dubi kiran da ya tara su, shi ya sa take dangi da "gayyata".

Ta biyu gaman, jure wahala ba tare da ƙorafi ba. A addinin Buddha da farko girman kai take nufi, daga baya ma'anarta ta juya ta zama yabo. Takwararta haƙuri ce, wadda Kirk-Greene ya lissafa cikin siffofin mutumin kirki a 1974. Haƙuri ya fi faɗi, don da shi ake ba da baki, a yi ta'aziyya, a nemi afuwa.

Ta uku kintsugi, haɗa fasasshen kwano da ƙaro da garin zinariya. Kin zinariya ce, tsugi haɗi. A kasuwannin ƙauye gyartai yake ɗinke fasasshiyar ƙwarya, ɗinkin yana bayyane, ƙwaryar ta koma aiki.

Darasin shi ne, kalma da aikinta take rayuwa. Inda ƙwadagon kuɗi ya maye gurbin gayya, roba ta kori ƙwarya, ma'anar kan ƙanƙance. Aikin da ke gaban ɗalibi shi ne ya zauna da dattawan Tasawa da Mayahi, ya naɗi kowace kalma cikin jimlolin da suke faɗa, tun masu ita suna raye.