Daga Teburin Mai Gyara: Wayar Na'urar Gano Ƙarfe

Ɗalibin harshe yakan ɗauka cewa Hausar kimiyya sai a ƙamus. To amma wanda ya tsaya a gaban masu gyaran rediyo a kasuwar Jimeta zai ji ana bayanin aiki mai sarƙaƙiya da Hausa tsantsa. Wannan maƙala za ta ɗauki misali guda, wato gyaran wayar na'urar gano ƙarfe.

Mutanen Yola da Jimeta sun saba da wannan na'ura ne ta hanya mai ɗaci. A shekarar 2015 bam ya tashi a babbar kasuwar Jimeta cikin watan Yuni, sannan ya sake tashi a masallacin Juma'a na Jambutu ranar 23 ga Oktoba. A wannan lokaci binciken jama'a da 'yar ƙaramar na'urar hannu ya zama ruwan dare a ƙofar masallatai da majami'u da tashoshin mota. Akwai kuma babbar yayarta mai doguwar sanda, wadda sojoji ke neman nakiya da ita, wadda kuma masu haƙar zinare suka yi rububinta bayan an gano zinare a Jado, arewacin Nijar, a 2014. Wannan babbar ita ce mai wayar da muke magana a kai.

A ƙarshen sandar akwai wani abu mai faɗi kamar faifai, don haka mu kira shi faifai. A cikinsa, a yawancin na'urorin, akwai naɗi biyu na siririyar wayar jan ƙarfe. Na farko yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, na biyu yana sauraron abin da ya dawo. In akwai ƙarfe a binne, sai ya mayar da martani, na'ura ta yi ƙara. Abin da ke haɗa faifan da akwatin na'ura shi ne kebul, mai ɗauke da ƙananan wayoyi huɗu ko biyar, da wata raga ta ƙarfe da ta lulluɓe su don kare su daga hayaniyar lantarki.

Sau da yawa faifan lafiyarsa ƙalau, kebul ɗin ne ke da ciwo. Yakan tsinke daga ciki, a wuyan filogi ko a inda ya shiga faifai, domin nan ne yake yawan lanƙwasa. Alamarsa ita ce na'ura ta riƙa kuka ba gaira ba dalili da zarar an motsa wayar. Haɗarin a fili yake: na'urar da ta cika ƙarya, ranar da ta faɗi gaskiya ba mai kula ta, ga shi kuwa wani lokaci rai ne a kan layi.

Mai gyara zai fara cire batir, ya zare filogi, ya ɗora mita a kan ƙafafunsa biyu-biyu yana murza kebul a hankali. Inda lambar mita ta yi tsalle, nan ɓarakar take. Kafin ya yanke komai, dole ya rubuta wace kala ce ke kan wace ƙafa: ja, baƙa, fara, koriya. A ganina nan ne rabin aikin, domin kowane kamfani da nasa tsarin, kuma in aka musanya wayar aikawa da ta sauraro, na'ura ba za ta yi aiki daidai ba. Daga nan sai ya datse wurin da ya lalace, ya fere robar, ya haɗa kowace waya da 'yar'uwarta da dalma, ya rufe kowane haɗi shi kaɗai. Kada a manta da ragar, ita ma sai an haɗa ta. Shi kuwa faifan, ba a fasa shi. An daidaita naɗin nan biyu an daskarar da su da gam, in suka goce ko kaɗan sai a sayi sabo. A ƙarshe a naɗe kebul a jikin sanda tsaf, kada ya yi reto kusa da faifai, tunda shi ma ƙarfe ne.

Yanzu mai karatu ya lura da aikatau. Waya takan tsinke da kanta, amma mai gyara datse ta yake yi da gangan. Wuta kan ɗauke, haɗi kan saki, dalma kan kama. "Fere" kuwa daga rake da doya aka aro shi. Ita kanta kalmar "waya" nauyi biyu take ɗauka, ta ƙarfe da ta kira, shi ya sa "kebul" ya samu gurbi. Kuma a Jimeta, inda Hausa ke zaune tare da Fulatanci da wasu harsuna da dama, ba abin mamaki ba ne ka ji an ce "wayan ya tsinke", alhali a daidaitacciyar Hausa "wayar ta tsinke" za ka rubuta a takardar jarrabawa.