Idan ka je Legas neman kiɗa

Baƙon da ke son jin kiɗan Legas, ya fara da New Afrika Shrine da ke Ikeja. Femi Kuti, ɗan marigayi Fela, kan hau dandamali a can daren Lahadi idan yana gari, ƙahonni da ganguna na tashi har ka ji su a ƙirjinka. Ka fita da wuri, don cunkoson Legas ba ya tausayin kowa, kuma ka tanadi motar komowa kafin dare ya raba. Akwai hayaƙi sosai a cikin Shrine ɗin, mai asma ya zauna kusa da ƙofa. In natsuwa kake so, nufi Freedom Park, tsohon kurkukun Turawan mulki da ya koma dandalin wasanni. Son samu, ka zo a Oktoba, lokacin Felabration, bikin tunawa da Fela.