Babi na Bakwai: Yadda Ɓawon Ƙanƙarar Yurofa Ke Lanƙwasa

Gabatarwa

Yurofa ɗaya ne daga cikin manyan watanni huɗu na duniyar Jufita waɗanda Galileyo ya hango a shekarar 1610. Ƙanƙara ce ta lulluɓe shi baki ɗaya, kuma masana na kyautata zaton akwai teku mai gishiri a ƙarƙashinta. Wannan darasi zai bayyana dalilin da ya sa wannan ɓawo ba ya zama da siffa ɗaya.

Musabbabin Lanƙwasawa

Yurofa yakan kewaye Jufita cikin kimanin kwana uku da rabi. Sai dai hanyar tasa ba cikakkiyar da'ira ba ce, domin watannin Ayo da Ganimid suna janyo shi a kai a kai. Don haka wani lokaci yakan kusanci Jufita, wani lokaci ya yi nisa. Idan ya kusanto, ƙarfin jan Jufita yakan ƙaru, ɓawon ya kumbura. Idan ya yi nisa, sai ya sace. Kamar yadda wayar ƙarfe ke ɗaukar zafi idan aka yi ta tanƙwara ta, haka wannan motsi ke haifar da ɗumin da ke hana tekun daskarewa.

Gautsi da Danƙo

Ɓawon ba ɗabi'a ɗaya gare shi ba. Samansa yana da tsananin sanyi, saboda haka yana da gautsi. Da an matsa masa sai ya tsage. Hotunan da kumbon Galileyo ya ɗauko tsakanin 1995 da 2003 sun nuna dogayen tsagogi, wasunsu a jere kamar baka. Ƙasansa kuwa ya fi ɗumi, don haka yakan malala sannu a hankali kamar kakin zuma. Wannan malala kan shafe zurfin ramukan da duwatsun sama suka haƙa. Ƙarancin irin waɗannan ramuka shi ke nuna cewa fuskar Yurofa ba ta tsufa ba.

Kammalawa

Kaurin ɓawon ne zai nuna ko sinadaran sama na iya kaiwa ga tekun, wanda a kansa batun yiwuwar rayuwa ya rataya. Kumbon Europa Clipper da aka harba a Oktoban 2024 zai auna shi bayan ya isa a 2030.

Auna Fahimta

1. Bambanta gautsi da danƙo ta amfani da ɓawon Yurofa.
2. Wane misali daga muhallin ɗalibai zai taimaka wa malami wajen bayyana ɗumin lanƙwasa?