Horar da Kunne Don Koyar da Waƙa

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in yi muku bayani a kan wani abu da ya shafi kowane malami. Wanda zai ja wa yara waƙa a aji tilas kunnensa ya iya rarrabe muryoyi. In bai iya ba, sai ya ɗauko waƙa a karkace, yara arba'in kuma su haddace ta a karkace.

Akwai manhajojin kwamfuta da na waya da aka yi domin gyara wannan. Ɗaya ita ce EarMaster, wadda ta fito daga ƙasar Danmak a 1996. Akwai kuma GNU Solfege, ita kyauta ake samunta. Ga yadda suke aiki. Manhaja ta kaɗa maka sauti biyu, ta tambaye ka tazarar da ke tsakaninsu. In ka amsa, nan take ta gaya maka ko ka dace. Wani lokaci kuma ta buga kiɗa, ta ce ka maimaita da tafi.

Tazarar nan lissafi ce. Sautin da Turawa ke kira A yana kaɗawa sau 440 cikin daƙiƙa ɗaya. In ya ninka ya kai 880, sai kunne ya ji sautin farko ya komo, amma da siririyar murya. Tsakanin biyun nan Turawa suka yanka matakai 12.

To, amma mu ba baƙi ba ne a wannan fage. Ku faɗi "fari" na launi, sa'an nan ku faɗi "fari" na rashin ruwan sama. Baƙaƙen ɗaya ne, hawa da saukar murya ya raba su. Shi ya sa mai kalangu yake matse tsarkiya a hammata har ganga ta yi magana, kamar yadda makaɗan Mamman Shata suka riƙa yi.

Sai dai ku lura, manhajojin nan a kan matakan fiyano aka gina darussansu. Goge da algaita kuwa sukan zame tsakanin mataki da mataki. Kada ku ce mai goge ya yi kuskure don bai faɗa kan ma'aunin na'ura ba.

Shawarata ita ce:

1. Ku yi minti 10 kullum da manhaja, ya fi awa biyu ran Asabar kaɗai.
2. Ku rera sautin da bakinku kafin ku amsa.
3. Ran hawan salla ku tsaya ƙofar fadar Sarkin Gombe, ku saurari kakaki da algaita, ku gwada bin hawansu da saukarsu.

Wanda ya lizimci wannan zango guda, zai shiga aji ya ɗauko waƙa ba shakka a ransa. Allah ya ba mu sa'a, amin.