Ku Auna Ɗakin Kafin Ku Zaɓi Kifin

'Ya'yana, na lura sha'awar kiwon kifin ado ta shigo muku, kuma ban ga aibunta ba. Da yaro ya wuni a majalisa yana gulmar mutane, gara ya wuni yana lura da wata halitta ta Ubangiji. A zamaninmu tattabaru ne da zomaye. Ku kuwa Allah ya kawo ku lokacin akwatin gilashi da fitila mai launi da kifayen da aka ɗauko daga wata uwa duniya. Abin da ya sa na ce bari in tanka shi ne, idonku ba ya tsayawa kan ƙananan kifaye. Manyan nan kuke so, waɗanda kuke gani a bidiyon waya: oska, arowana, faku, da tarwaɗar nan mai jan wutsiya. To, ku ba ni aron hankalinku.

Kusan duk kifin da kuka gani a shago jariri ne. Da gangan ake kawo su haka, don a leda ake ɗuro su da ɗan ruwa da iska a sa su a jirgi, kuma kuɗin jirgi da nauyi ake biya. Shi ya sa za ku gan su duka kamar tsawon yatsa, suna wasa a akwati ɗaya, har mutum ya ɗauka sa'o'in juna ne. Oska, wanda ɗan kogin Amazon ne kuma dangin karfasarmu, yakan ƙara kusan santimita 2 kowane wata a shekararsa ta farko, ya je ya tsaya tsakanin santimita 30 da 35, kuma yana iya shekara 10 ko fiye a hannun mai kula. Shi ne fa autansu. Arowana mai ruwan azurfa tana kai santimita 90. Faku, da ake saye don ya yi kama da firana mai haƙoran nan, yana wuce santimita 70, nauyinsa ya haura kilo 20. Wanda masu shago ke kira shak, mai sheƙi mai yawan zirga-zirga, ba shi da haɗi da shak na teku. Tarwaɗa ce ta kogin Mekong, wadda a ƙasar Biyetnam nomanta ake yi don nama, kuma tana wuce mita guda. Mai jan wutsiya ma haka, ta wuce mita, ga baki mai faɗi, duk abin da ya shige shi ya zama abinci, ko abokin zamanta ne. Har ɗan faleko, mai manne wa gilashi yana lasar gansakuka, da ake ba ku a kan shi ne mai shara, yakan kai santimita 40 zuwa 50, kuma dattin da yake zubarwa ya fi wanda yake kwashewa.

Za a ce muku kada ku damu, kifi daidai akwatinsa yake girma. Maganar tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta daɗe tana yawo. Tabbas kifin da aka matse ba ya kai girman 'yan uwansa, amma ku tambayi dalili. Ruwan da yake ciki ya cika da ƙazantarsa, ba shi da sararin motsa jiki, kullum a takure yake, sai ya tsumbure. Irinsa ne za ku ga bayansa ya lanƙwashe, fukafukansa sun zaizaye, ciwo kaɗan ya kayar da shi. A kan oska har ramuka kan fito a kai da fuska in ruwa ya daɗe da lalacewa. Waɗanda suka yi kiwon tarwaɗa a cikinku sun san wannan ba sai an faɗa ba: in aka cika kwarmi fiye da ƙima, abinci ya tafi, kifi bai yi nauyi ba, ga mutuwa. Mai jan wutsiya kuwa ba ta ma san da wannan magana ba. Za ta ci gaba da girma har ranar da kanta ya taɓa gilashin nan, wutsiya ta taɓa wancan.

Akwai kuma wani lissafi da ke yawo a littattafan masu farawa, wai inci ɗaya na kifi galan ɗaya na ruwa. Ga 'yan mitsi-mitsin kifaye yana ɗan aiki. Ku gwada shi kan oska mai santimita 30: zai ba ku lita 45, wato akwati mai tsawon santimita 50 da faɗin 30. Ko juyawa ba zai yi a ciki ba sai ya goga hanci. Inda lissafin ya karye shi ne, kifi ba tsawo kaɗai yake ƙarawa ba, yana ƙara kauri da tudu. In tsawonsa ya ninka biyu, nauyinsa ya ninka kusan 8. In ya ninka uku, nauyi ya ninka kusan 27. Saboda haka oska guda mai santimita 30 ya kusa nauyin 'yan uwansa 27 masu santimita 10, kuma cinsa da kashinsa nauyin suke bi.

Ga ma'aunin da na fi yarda da shi, wanda masu kiwo da yawa ke aiki da shi. Ku nemi tsawon da kifin zai kai in ya gama girma. Tsawon akwati kada ya gaza ninki huɗu na wannan, faɗinsa daga gaba zuwa baya kada ya gaza ninki ɗaya da rabi. Wannan mafi ƙaranci ke nan. Kifi mai yawan gudu yana son fiye. Yawan ruwa kuwa ba wuya: tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, a raba da 1,000, ya ba ku lita. Oska guda: 120 sau 50 sau 50, lita 300. In biyu ne sai an ƙara sosai, don masu faɗa ne kan wurin zama. Arowana a wannan ma'auni tana neman fiye da mita uku da rabi. Ko masu sassauci, da wuya mai hankali a cikinsu ya sauka ƙasa da santimita 240 da faɗin 90, wanda in zurfinsa 60 ne ya kama lita kusan 1,300. Mai jan wutsiya sai kusan mita biyar. Wannan ya bar batun akwati, ya koma aikin magini.

Faɗin nan shi ne abin da aka fi yi wa rowa, don masu haɗa gilashi sun fi son dogon akwati siriri mai tsayi, wanda ke kyau a jikin bangon falo. Kyan na mai kallo ne. Kifi a kwance yake iyo, kuma yana buƙatar ya juya ba tare da ya naɗe jikinsa ba. Sannan iskar da yake shaƙa ta saman ruwa take shiga, don haka akwati biyu masu lita ɗaya, mai faɗin fuska ya fi mai zurfi ɗaukar kifi. Zurfi kuma shi ke matsa wa gilashi: da zarar ruwa ya kai santimita 60 a dogon akwati, gilashin milimita 10 zuwa 12 ake magana, da maɗauri a sama da zai hana shi buɗewa. Kada wani ya haɗa muku da gilashin taga don ya zo da sauƙi. Araha ba ta ado. In an gama haɗawa, a cika shi da ruwa a tsakar gida a bar shi 'yan kwanaki kafin ya shiga ɗaki. Arowana kuma sai da murfi mai nauyi, don a gidansu tsalle take yi ta cafke ƙwari a reshen bishiya, kuma da yawansu a ƙasan siminti suke ƙarewa.

Yanzu ku zo mu yi lissafin da ba a yi a shago. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Akwatin oska, da gilashinsa da yashi da duwatsu, ya doshi kilo 400. Na arowana ruwansa kaɗai tan ɗaya ne da ɗoriya. Ba teburin katako na falo zai ɗauka ba. Sai ƙarfe mai kauri, a ƙasa mai daidai, don in ɓangare ɗaya ya fi sauka, gam ɗin gilashin yakan saki wata rana cikin dare. Wanda ke zaune a bene, musamman gidan haya, ya fara tambayar wanda ya san gini, ya kuma sanar da maigidan.

Sai ruwa. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta ƙoshiyarsa, wato inda yake numfashi, da kashinsa, kuma guba ce gare shi. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a cikin filta su ke mayar da ita wani abu, su sake mayar da shi wani mai sauƙin illa, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a sabon akwati. Wannan sinadari na ƙarshe ba ya tafiya da kansa, sai an ɗebe ruwa an zuba sabo, kamar kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako. A lita 300, jarka uku ke nan ta lita 25. A lita 1,300, jarka 13. Kowane mako, rani da damina, da azumi da sallah, har shekara goma ko sha biyar. A unguwar da famfo ke zuwa sa'ad da ya ga dama, ku tambayi mai ruwa nawa ne kura, ku ninka da makonnin shekara. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Amma kada wannan ya sa ku ce ƙaramin akwati ya fi sauƙi. A irin yanayinmu yawan ruwa shi ne gatan kifi. Kifayen Amazon sun fi son zafi tsakanin digiri 24 da 28. Mu kuwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, bazara takan haura 40, hunturu kuma ya zo da sanyin asuba. Ruwa kaɗan nan da nan yake bin iska ya yi zafi ko sanyi, mai yawa a hankali yake sauyawa. Ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, alhali a lokacin ne kifi ya fi buƙatarta. Ku haɗa wannan da ɗauke wuta: filta ta tsaya, injin iska ya tsaya, ga babban kifi a ɗan ruwa cikin watan Afrilu. Sa'o'i kaɗan za ku gan shi a sama yana haki. Wanda zai kiwata manyan kifaye a nan, kuɗin sola ko batirin injin iska yana cikin kuɗin akwati tun ranar farko.

Na san amsar da ke bakinku: bari in fara da ƙarami, in ya girma na canza. Niyya ce mai kyau, sai dai kifi ba ya jiran albashi. Cikin shekara guda zai cika akwatin, lokacin kuɗin makaranta ya taso, ko maganar aure, ko an tura mutum bautar ƙasa an bar wa ƙanne da mahaifiya aikin jarka. Kifin ba ya kuka, ba ya kai ƙara, shi ya sa ake mantawa yana da haƙƙi. Kun san abin da aka karantar da mu game da matar da ta tsare kyanwa. Duk abin da ka raba da gidansa ka kulle, cinsa da shansa da sararinsa sun hau wuyanka.

Kada kuma ku sa rai wani zai karɓe ku. Ko a Ingila, manyan gidajen nuna kifi sun gaji da masu kawo musu faku da shak ɗin shago da mai jan wutsiya da suka fi ƙarfinsu, har suka haɗu suka yi gangamin roƙon jama'a su daina sayen irin waɗannan. Abin da ya fi muni shi ne a kai shi kogi ko dam a saka, a ce an 'yanta shi. Falekon da aka zubar haka ya cika magudanan Florida a Amurka da kogin Marikina a Filifin, yana haƙa ramuka a gaɓa yana lalata komar masunta. Misali mafi girma ma da kifinmu ne. Giwan ruwa, da muke alfahari da shi a Argungu, an kai shi tafkin Victoria a shekarun 1950, kuma zuwansa na cikin manyan dalilan da suka shafe kusan nau'i 200 na ƙananan kifayen tafkin. Masuntan Tiga da Kainji da Haɗeja ba su yi muku laifin komai ba.

Shawarata, ku juya tsarin. Ku ɗauki tef ku auna bangon da za a ajiye akwatin, ku duba ƙarfin ƙasa, ku ƙidaya jarkar da za ku iya kowane mako ba tare da roƙo ba, ku duba wutar unguwa. Abin da wannan ya ba ku shi ne akwatinku, akwatin kuma shi zai faɗa muku kifin da ya halatta gare ku. In mita ɗaya da 'yan kai kuka samu, oska guda ya isa, kuma kifi ne mai wayo da ke gane mai ba shi abinci. In bai kai haka ba, ku duba gida. Akwai ɗan kifin da ake kira kiribensis, dangin karfasa daga rafukan kudancin Najeriya da Kamaru, mai jan ciki, wanda bai wuce santimita 10 ba, kuma Turawa sun daɗe suna kiwonsa. Wasu nau'o'in kurungu na kogin Kwara da tafkin Chadi ma fitar da su ake yi ana sayarwa da tsada a waje. Amma ko a na gida a yi hattara: yauni yana da ban sha'awa yana ƙarami, alhali yana wuce mita ɗaya da rabi, ga cizo.

Wanda kuwa ya riga ya sayi mai jan wutsiya ko faku, kada ya tsaya jiran ranar da gilashi zai yi masa kaɗan. Ya koma wa mai shago tun kifin yana da girman da za a karɓa, ko da musanya ce da hasara. In kuma ya ƙwallafa rai, kuma akwai fili a gida, ya gina masa kwarmin siminti irin na tarwaɗa, mai faɗi, a inuwa, da magudana a ƙasa don sauya ruwa. A jiƙa sabon simintin a zubar da ruwan sau da yawa kafin kifi ya shiga, don ruwan sabon siminti yana ƙona fata da ƙoshiya. A yi masa raga a sama saboda tsalle da ƙananan yara, in hunturu ya kama kuma a rufe rabinsa da leda da dare.