DARASI GA MASU MOTOCI: JAN TIRELAR KWANA DA BABBAR JIF

A ƙasashen Amurka da Ostareliya da Turai akwai wata ƙaramar tirela wadda ake shirya cikinta kamar ɗaki, da gado da wurin girki da makewayi da tankin ruwa. Ba ta da inji. Ana ɗaura ta ne a bayan mota, a ja ta zuwa inda za a yi zango. Ita ce tirelar kwana, ko kuwa ɗaki tafi-da-gidanka. Ba ta yawaita a Nijeriya ba, amma ƙa'idodin jan ta su ne na jan tirelar dawaki, ko ta janareta, ko ta tankin ruwa, waɗanda akan gani a hanyoyin ƙasar nan.

Kowace babbar jif tana da iyakar nauyin da kamfanin da ya ƙera ta ya yarda ta ja. Alal misali, Toyota Land Cruiser 300, wadda ta fito a 2021, an yarda ta ja kilo 3,500 idan tirelar tana da birkinta, amma kilo 750 kaɗai idan ba ta da shi. Mutane da yawa sukan ji wannan babban adadi su tsaya a nan. To, a nan ne kuskuren yake, domin kuwa akwai wata iyaka da ake kaiwa tun kafin wannan.

Yadda ake samun adadin

Kamfanonin da ke sayar da motoci a Amurka suna bin wani ma'auni mai suna SAE J2807, wanda aka fitar a 2008. Cikin gwaje-gwajensa akwai hawan tudun Davis Dam a jihar Arizona, tafiyar wajen kilomita 18, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya mota kuma tana kunne. Gwaji ne mai tsanani. Amma abin lura shi ne, a lissafin an ɗauka mutum biyu ne kawai a cikin motar, kowannensu kilo 68. Babu iyali, babu akwatuna, babu jarkar mai. Duk abin da aka ƙara a kan wannan yana rage abin da motar za ta iya ja.

Nauyin da ke sauka a bayan mota

Tirela ba bin mota kawai take yi ba, tana kuma danne ta. Wuyanta, watau ƙarfen gaba da ake ɗaurawa a ƙugiyar mota, yana sauke wani kaso na nauyinta a kan ƙafafun baya. Ga tirelolin kwana irin na Amurka, wannan kaso yakan kama daga kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Kuma ana ƙidaya shi ne cikin kayan da motar ta ɗauka, daidai da fasinja ko buhun masara.

Iyakar kayan da mota za ta ɗauka tana rubuce a littafin motar, a motocin da aka shigo da su daga Amurka kuma tana kan wata takarda da aka manna a jikin ƙofar direba. Sau da yawa da laba ake rubuta ta. A raba adadin da 2.2 sai a sami kilo.

A ɗauka wata jif an yarda ta ja kilo 3,500, ta kuma ɗauki kilo 700. Manya biyar suka shiga, kowane kilo 75, ya zama 375. Akwatuna da guzuri da jarkar mai suka kai kilo 100. Jimla 475 ke nan, saura 225. Idan aka ɗaura mata tirela mai kilo 3,500, wuyanta zai sauke aƙalla kilo 350, motar ta zarce iyakarta da kilo 125, ko da yake ba ta zarce abin da aka ce tana iya ja ba. Da sauran kilo 225 ɗin nan, tirelar da ta dace da ita ba za ta wuce kilo 2,250 ba, idan kuwa wuyan yana ɗauke da kashi 15 ne, to kilo 1,500.

Motar da aka danne bayanta, gabanta yakan ɗaga. Sitiyari ya yi sako-sako, birki ya rage kamu, fitilu su riƙa haska idon masu tahowa, tayoyin baya su yi zafi har su kai ga fashewa.

Wani zai ce, ai sai a tura kaya can ƙarshen tirela domin wuyan ya yi sauƙi. Wannan ya fi na farko haɗari. Tirelar da wuyanta bai da isasshen nauyi takan fara lilo hagu da dama da zarar an yi gudu, ko babbar mota ta wuce ta kusa, har ta kai ga juya motar da ke jan ta. Saboda haka kaya masu nauyi a ƙasa ake ajiye su, kusa da ƙafafun tirela, mafi yawansu ta wajen gaba. Idan lilo ya fara, kada direba ya taka birki da ƙarfi, kada kuma ya yi kokawa da sitiyari. Ya riƙe shi sosai, ya ɗaga ƙafa daga totur, in akwai madannin birkin tirela a kusa da shi ya matsa shi da hannu.

Nauyin tirelar kanta

Masu sayarwa sun fi son ambaton nauyin tirela tana wayam. Ba wanda ke tafiya da ita haka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 150 ya ƙara kilo 150, ban da tukunyar gas da batir da kwanuka da abinci. Adadin da ya kamata a yi lissafi da shi shi ne iyakar nauyinta da kaya, wanda aka buga a farantin da ke jikinta. Ita ma ƙugiya tana da tata iyaka a rubuce, kuma wadda mai walda ya haɗa a bakin titi ba ta da wani adadi da za a dogara da shi. A cikin duk waɗannan iyakoki, mafi ƙanƙanta ita ce ke aiki.

Tudu da gangare

Injin da ba shi da turbo yakan rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, saboda iska tana raguwa. Jos tana kan tudu mai tsayin mita 1,200 da ɗoriya, don haka mai jan tirela zuwa can ya bar rara a lissafinsa, ya kuma duba ruwan lagireto kafin ya tashi. A saukowa, musamman a gangare irin na Hawan Kibo, wajibi ne ya sa ƙaramar giya tun daga sama, domin birkin da aka daɗe ana takawa yakan yi zafi ya daina kamu.

Kafin doguwar tafiya, mai mota ya nemi sikelin auna motoci, irin na masana'antu da manyan wuraren sayen amfanin gona. Ya hau da mutanensa da kayansa da tirelar a ɗaure, sa'an nan ya kwance ta a sake auna motar ita kaɗai, a kuma auna tirelar dabam, ya gwama abin da ya samu da adadin da ke cikin littafin motar.