Mai Ƙaramin Jari da Bikin Kamun Kifin Argungu

Wani mai shayi daga Ketare ya aiko yana tambaya ko zuwa bikin kamun kifi na Argungu da kayan sana'a zai fitar da kuɗin mota. Zai fitar, ɗan'uwa, in ka san aljihun da kake nema.

Kada kyautar gwani ta ruɗe ka. A 2020 wanda ya kama kifi mai kilo 78 ya samu naira miliyan 10 da motoci da kujerun Makka, amma shi kaɗai ne, kuma gida ya tafi da abinsa. Cinikinka yana wurin dubban masuntan da suka fito daga kogin Matan Fada hannu rabbana, ga sanyi ga yunwa. Homa da gora daga gida suke zuwa da su, ba za su saya a wurinka ba. Abin da suke nema shi ne shayi da burodi, koko da ƙosai da asuba, shinkafa da wake da rana, sabulu, da wurin cajin waya. Ciniki ne na ɗari biyu, ɗari biyar, don haka tanadi canji sosai. Ranar da mutane suka cika, tura kuɗi ta waya kan yi gardama.

Babbar gasar a ranar ƙarshe ake yin ta, kuma kamar awa ɗaya ce. Ka isa da wuri, ka ci kasuwar kwanakin dambe da kokawa da wasannin ruwa na kabanci. Nemi mai masauki ɗan gari ya sama maka wurin kafa tebur, ku yanke rabonsa tun kafin a hura wuta. Shinkafa kuwa kada ka ɗauko daga gida, ƙasar Kabi gidanta ce.

Tun 1934 ake bikin nan, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, amma ya taɓa tsayawa kusan shekara goma. Kada ka ci bashi sai gwamnatin Kebbi ta sanar da rana. Hanyar Gusau zuwa Sakkwato kuma da rana ake bin ta, cikin ayari.

In za ka dawo, juya wani abu daga ribar zuwa bandar kifi, ka kai kasuwar Kankara ko Sheme.